Naman da Na Binne a Gindin Lemo

Salamu alaikum, ku masu bin labarin nan a salula. Wata yarinya ta rubuto mini cewa tsoho mai shekara sittin da takwas ba shi da abin faɗi a kan soyayya. Na gode mata. Allah ya ba ta tsawon rai ta kai inda na kai, ya kuma bar mata haƙoranta.

Ga sababbin zuwa: sunana Illa. A garinmu Buza Mushe Illa ake ce mini, wato malamin makaranta, domin na yi shekara talatin da huɗu ina koyar da ƴaƴan mutane a lakwal, tun daga ƙauyukan Keita har na dawo gida na aje alli. Matata Cima ta rasu shekara uku ke nan. Ina zaune da ɗana Surajo da matarsa Bushira. Kuma ina neman auren wata bazawara, Tabawa, mai sayar da tuwo a bakin tasha.

Yau zan faɗa muku abin da na ɓoye wa ƴaƴana.

In na yi dariya za ku ga haƙora shida a sama, shida a ƙasa, farare, a jere kamar ƴan lakwal ranar zuwan sufeto. To, su ke nan. Bayansu babu kowa. Haƙoran tauna sun tafi ɗaya bayan ɗaya. Na farko wani wanzami ya cire mini shi a wani ƙauye bayan Keita, da ƙarfen da nake zaton da shi yake gyaran kekensa. Sauran, shayi mai sukari da goro da nisan likita suka raba tsakaninsu. Har zuwa jiya, saura guda tak a can ƙuryar hagu ta ƙasa, yana girgiɗi, ba shi da abokin gamuwa a sama. Gwauro ne kamar mai shi. Na taɓa zuwa birnin Tawa aka auna mini haƙoran roba. Kwana tara na sa su, suka yi mini gyambo a dasashi, na naɗe su a hankici na tura ƙasan akwatin littattafai.

A zatona, ba wanda ya sani sai Cima. Shekara goma sha ɗaya, duk ranar da aka dafa nama a gidanmu, sai ta tsame rabona ta shiga ɗaki, ta saki labule, ta daka shi a wani ɗan ƙaramin turmi da take ɓoyewa ƙarƙashin gado, ta mayar cikin miya. Bisa tsumma take ɗora turmin don kada a ji ƙara. Ban taɓa roƙonta ba, ba ta taɓa yi mini gori ba. Ban kuma taɓa ce mata na gode ba. Na ɗauka akwai lokaci.

Tun da ta tafi, ga abincina: kunu da safe, burodi jiƙe cikin shayi, fura da rana, tuwo kuma in haɗiye shi loma-loma kamar ƙwayar magani. Gyaɗa, dabino, rake, kilishi, cukun da makiyaya ke kawowa kasuwa, duk na zama ɗan kallo. A wurin suna ko biki in an aje tire, sai in ja shinkafa gabana, in tura naman gaban na kusa da ni. Har an fara yabona, wai Mushe Illa ba shi da kwaɗayi. Haka ake samun waliyyai a garin nan.

Jiki dai ba ya karɓar yabo a madadin abinci. Mazagin wandona da nake ɗaurewa sau ɗaya, yanzu sai na zagaya shi. Bayan sallar layya ɗiyata Fiddausiya, da ke aure a Madawa, ta turo saƙo:

"Baba na ga hotonka. Wuyanka na yawo cikin riga. Ko ka yi arme ko ka dawo Madawa wurina. Zaɓi guda."

In koma gidan suruki, in zauna a zaure ina jiran a kira ni cin abinci kamar ragon da ake kiwo? Na zaɓi aure. Amma kada in yi muku ƙarya, tunda yau ranar gaskiya ce: tun kafin saƙon nan nake bi ta tasha ba tare da ina da tafiya ba.

Tabawa ta ba hamsin baya, doguwa ce, baƙa, mai wushirya. Kullum da atamfa mai duhu don kada miya ta nuna, da mayafi ruwan toka da take ɗaure ƙugu da shi in aiki ya yi zafi. In ta ciji goro, daga ƙetaren hanya kana jin ƙas. Ƙawar Cima ce tun suna ƴanmata. Mijinta ya yi shekara bakwai kwance da shanyewar jiki kafin ya rasu.

Ranar da na fara faɗa mata abin da ke kawo ni, ba ta yi wani sunkuyar da kai ba. Ta aje ludayin miya ta dube ni.

"Mushe, bari in gaya maka tun yanzu. Shekara bakwai ina ɗura ma namiji kunu da cokali. Don Allah na yi, ba ni da-na-sani. Amma ba ni sake armen jinya. Lahiyarka lau?"

"Lau," na ce. "Ko ƙashi kinka ba ni sai in tauna."

Na karanta littattafai sun fi ɗari uku, da Faransanci da Hausa da ɗan Larabcin da ya samu. Ban ga shafin da ya ce mini in ambaci ƙashi ba.

A unguwarmu bazawara mai mutunci ba ta cewa "na yarda" da baki. Langa take aikowa. In langa ta koma a wanke, an fahimci juna. In ta koma da abinci a ciki, nan ma an fahimci juna.

Juma'ar farko, bayan an sauko masallaci, Bushira ta shigo ɗakina da langa mai furanni ja, an ɗaure ta da sabon adiko.

"Baba, daga tasha," ta ce, tana danne murmushi.

Na buɗe. Tuwon shinkafa, miyar taushe, da yanka huɗu na soyayyen zabo. Ba ɗan zabo ba, kakan zabi, wanda ya ga damina da yawa. Na cinye tuwon, na suɗe miyar. Na zauna ni da yanka huɗu muna kallon juna.

Ku yi lissafin tare da ni. In na ba Bushira, za ta tambayi kanta me ya hana Baba cin naman budurwarsa, kuma Bushira ba ta iya tambayar kanta a asirce. In na ba Surajo, shi zai tambaye ni kai tsaye. In na mayar, na ƙi Tabawa. In na faɗi gaskiya, na zama tsohon da za a ɗura wa kunu, irin wanda ta ce ta gama da shi.

Na jira gida ya yi tsit da zafin rana. Na ɗauki hauya na zaga bayan ɗakina, gindin lemon da Cima ta dasa, na haƙa rami, na zuba, na rufe, na tattake. Na nemi gafarar Allah a kan almubazzaranci. Na wanke langa da hannuna.

Da la'asar salula ta yi ƙara.

"Ya zabo?"

"Madalla. Ko ƙashi ban bari ba."

Juma'a ta biyu gasasshen naman rago ne, mai jijiya. Ta uku kuwa ganda ce. Ganda, jama'a! Lemon Cima bai taɓa cin daɗi irin na watan nan ba.

Abin da ban sani ba, a Juma'a ta uku Bushira tana shanya a bayan zana, ta gan ni durƙushe ina rufe rami ina waige-waige. Ba ta ce mini komai ba. Ta faɗa wa uwarta. Uwarta ta faɗa wa mutum ɗaya kawai, wannan ma ya faɗa wa mutum ɗaya kawai.

Ku ƴan birni ba lalle ku gane ba. A nan, ba mai binne abinci sai wanda aka gaya wa an sa masa wani abu a ciki.

Ranar Litinin na bi ta tasha. Bencinan Tabawa uku, waɗanda a da sai ka jira wani ya tashi, babu kowa a kansu. Tukunyar tuwo cike, ko ludayi ba a tsoma ba. Direbobi sun yi cincirindo a wurin wata mai shinkafa can gefe. Mato direba, wanda na koya wa karatu kuma bai koya ba, ya taso da kwano a hannu ya tare ni.

"Mushe, barka da arziki! Allah shi ya tsare ka. To mu da munka shekara muna ci hwa? Shi ya sa kullum ƙahwata nan taka kawo ni, ashe ba banza ba!"

Da ƙarfi ya faɗa. Tabawa ta ji. Tana zaune a kujerarta, hannuwa bisa gwiwa, ta ɗago ta dube ni. Jira take.

Kalma nawa ake bukata? "Mato, ba ni da haƙora." Biyar. Na buɗe baki, na ga direbobi ashirin, rabinsu ɗalibaina, duk sun juyo. Na ce, "Ku bar jita-jita, ba kyau." Na wuce.

Na ce muku yau ranar gaskiya ce. Ga ta nan, ku yi mini hukuncin da kuka ga dama.

A gida na kira Bushira. Ta zo ta durƙusa.

"Baba, tsoro na ji. Na ga ka bizne, na ce ko wani malami ya gaya maka wani abu. Inna kaɗai na gaya ma, wallahi."

Me zan ce mata? Ita ta ga rami, ni na haƙa shi.

Talata da safe saƙon murya ya shigo, daƙiƙa tara. Muryar Tabawa ba hawa ba sauka:

"Yaya Maiguwa ya taho daga Tama. Gobe bayan la'asar, gidana. Ka zo."

Na sa farar shadda wadda Cima ta ɗinka mini, na ƙara riga a ciki don ta cika. Surajo ya raka ni. An shimfiɗa tabarmi biyu a tsakar gida ƙarƙashin dalbejiya. Ga Malam Aƙilu limamin unguwa da carbinsa. Ga Mato, an kira shi a madadin ƴan tasha. Ga Maiguwa, yayan Tabawa kuma waliyyinta, manomin albasa, mai tafin hannu kamar faifai da haƙora jajaye cike da baki. Tabawa tana cikin madafa, zana ta kare ta, ƙafafunta kawai nake gani.

A tsakiya an aje tire, an rufe da faifai.

Bayan gaisuwa Maiguwa ya gyara zama.

"Mushe Illa, mu ba mu yi lakwal ba. Amma mun san abu guda. Ƙanwata da tukunya taka ci, da tukunya ta reni marayu. Kwana ukku ke nan tana zubda tuwo ga awaki. An ce ka bizne abincinta har sau ukku. Gaskiya na?"

"Gaskiya na."

Surajo ya sunkuyar da kai.

"Wani ya gaya maka ta sa wani abu ciki?"

"Ba wanda ya gaya mini."

"Ka gani da idonka?"

"Ban gani ba."

"To mi ya sa?"

Na dubi tabarma. Akwai wani zare ja da ya ɓalle a bakinta, na tsaya ina nazarinsa kamar za a yi mini jarrabawa a kansa.

"Shi ke nan," in ji Maiguwa. Ya ɗage faifan. Zabo ne, soyayye, ya sha yaji. "Ita ta dahwa da hannunta. Ni zan hwara." Ya ɗauki cinya ya yage, ya tauna, ya murƙushe ƙashin har na ji a cikin kaina. Malam Aƙilu ya ce shi yana da alwala, kamar nama na karya ta. Maiguwa ya turo tiren gabana. "Bisimilla, Mushe. Ka ci gaban mutane, magana ta mutu nan. In kuwa ba ka ci, to ka gaya muna abin da ka sani, mu ma mu sani."

Na zaɓi yanka mafi ƙanƙanta. Na sa a baki. Na gwada da na gaba, ina ɗan gatsa kamar zomo, naman ko gezau. Idanu takwas a kaina. In na tofar, na tabbatar da zargi. In na haɗiye shi ɗungum, watakila a yi jana'izata kafin magariba. Sai na tura shi da harshe can ƙuryar hagu, wurin gwauron nan, na ce masa yau ranarka ce. Na rufe ido na danna.

Wani abu ya ce ƙaras. Zafi ya harba daga muƙamuƙi zuwa ido. Bakina ya cika da ɗumi mai gishiri.

"Baba!" in ji Surajo. "Jini!"

Mato ya zabura ya ja da baya. "La'ilaha! Kun gani? Ya kama shi!"

Daga bayan zana na ji ludayi ya faɗi.

A nan ne na gane in na ƙara yin shiru na numfashi ɗaya, Mato zai fita da labarin da ba wanda zai iya kamo shi har abada. Na tara hannu na tofar. Ga naman, yadda ya shiga haka ya fito. Ga haƙorin kusa da shi, da doguwar saiwarsa baƙa.

"Zamna, Mato," na ce. "Zo ka duba, tunda dubawa ba ta bukatar karatu."

Na sa yatsu biyu na ja kumatuna, na wage baki gaban limami da waliyyi da ɗan da na haifa. Na bar su suka ga dasashi, fili fetal, hagu da dama.

"Wanga shi na na ƙarshe. Shekara goma sha huɗu ban tauna nama ba. Abincin Tabawa ba shi da komi sai daɗi. Kunya ta sa na bizne, don kar ta sani. Ran Litinin ya kamata in hwaɗi, na ji tsoron dariyarku. Shi ke nan."

Mato ya fara wata ƴar dariya, Maiguwa ya juya ya dube shi, dariyar ta koma inda ta fito.

Malam Aƙilu ya yi gyaran murya. "Subhanallahi. Ai da ka yi magana, Mushe. Ni kaina, in ba an yayyanka mini ƙanana ba..." Ya dubi tiren, ya koma ga carbinsa.

Wanda ya fi ci mini rai Surajo ne. Idonsa ya yi ja.

"Shekara ukku, Baba? Muna cin nama gabanka, kana cewa ka ƙoshi?"

Maiguwa ya nuna Mato da ƙashin cinya.

"Kai. Gobe da sahe ka tsaya tsakiyar tasha ka hwaɗi abin da ka gani, da irin ƙarhin da ka hwaɗi waccan. Kuma kai za ka hwara sayen tuwo."

"Kwano biyu, wallahi," in ji Mato.

Sunan Tabawa ya wanku. Saura nawa.

Mazan suka tashi suka koma zaure, wai za su ba ni wuri in wanke baki. Tabawa ta fito da moɗa, ruwan ɗumi da gishiri. Ta miƙo mini ba tare da ta durƙusa ba.

"Kurkure."

Na kurkure, na zubar a gindin dalbejiya. Ta tsaya tana kallona, hannu a ƙugu.

"Ɗan turmin nan da Cima ka daka maka nama ciki," ta ce, "mai tsaguwa ga baki, an ɗaure da waya. Shina nan?"

Moɗar ta kusa suɓuce mini.

"Nawa na," ta ce. "Aro ta yi."

"Kin sani?"

"Tun ran da ta are shi. Ta sa na rantse ba ni gaya ma kowa, ban kuwa gaya ba."

"To don mi kinka aiko mini da zabo? Da ganda?"

"Na tambaye ka lahiyarka, kac ce ƙashi. Na ce bari in buɗe mai ƙohwa ya hwaɗi gaskiya da bakinai. Zabo, ka yi shiru. Rago, shiru. Ganda na aiko, Mushe! Na ce wagga ko mai haƙori talatin sai ya yi ƙorahi. Ashe kai rami kaka haƙa." Ta girgiza kai. "Ni ma gwajin ya ci ni, na sani. Na biya."

"Ke kinka ce ba ki armen jinya."

"Daka nama jinya ta? Ni da ka daka ma direbobi yaji kullum sahiya?" Muryarta ta sauka. "Ba bakinka naka tsoro ba. Ran Litinin na dube ka, ka dube ni. Maganar da za ta wanke ni tana bisa harshenka. Ni ma tana bisa nawa, amma na yi ma matacciya alkawali. Na riƙe naka asiri, tuwona na lalacewa. Kai ka riƙe naka, ka wuce."

Na miƙa mata moɗar.

Ta karɓi moɗarta.

"Ka maido mini turmina. Juma'a, bayan an sauko. Da hannunka, ba aike ba. Kuma ta tasha za ka biyo."

"In na kawo, in aje in koma? Ko kuwa..."

"Ka kawo dai."

Ta shige madafa.

Yanzu da nake rubuta muku wannan, Alhamis ce da hantsi. Na jawo turmin daga ƙarƙashin gado. Tsumman Cima na nan naɗe a gindinsa, har yanzu da ɗan ƙamshin tafarnuwa. Na zauna da shi a gabana tun bayan asuba. Ban sani ba ko Tabawa na karɓar kayanta ne don kada wani abu nata ya saura a gidana, ko kuwa tana so ya koma inda za a riƙa amfani da shi.

Ɗazu Fiddausiya ta turo saƙo:

"Baba Surajo ya gaya min komi. Na yi kuka. Na gyara maka ɗaki. Gobe bayan Juma'a ina nan tahe da mota, kar ka ce a'a."

Bushira ta kawo mini kunu, ta ga haƙorin bisa tebur cikin hankici. Ta tambaya a hankali ko a binne shi. Na ce a bar shi nan, na gama haƙa rami a gidan nan.

Motar Madawa a tasha take tsayawa, daura da bencinan Tabawa. Gobe direbobi ashirin za su ga tsohon mushensu ya ratso da turmin mata a kafaɗa, ɗiyarsa na buɗe masa ƙofar mota a dama, Tabawa na zaune a hagu ba ta ce masa zo ba.

Na ɗaga turmin na gwada. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Na aje shi bakin ƙofa, kusa da takalmana.